Me Ke Tayar da Ciwon Sikila? Tasirin Binciken Farfesa Sagir Gumel Ahmed

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani gagarumin bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, maƙwabciyar masarautar Gumel, lokacin duk yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kano. Sauro aka je nema, sai jinin da aka ɗiba daga dubban mutane ya tono wani zance na daban. A 1979 Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani. Cikin jarirai sababbin haihuwa, kusan ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda, wato AS, sannan kimanin biyu cikin ɗari an haife su da cutar gaba ɗaya, wato SS. Amma da aka juya kan manya, sai aka nemi masu SS aka rasa, in ban da 'yan tsiraru. Ba warkewa suka yi ba. Masanan da suka sake lissafa alƙaluman daga baya sun ƙiyasta cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan yara ba su kai ga girma ba.

Yau zancen ya sauya. Gidan sauro da allurar rigakafi da maganin zazzaɓi mai inganci da ƙarin jini sun sa yara da yawa suna tsallake shekarun da a da ke cinye su. Mai amosanin jini, wato sikila, yakan kai aji a Kwalejin Ilimi ta Gumel, yakan yi awon riɗi a kasuwar Maigatari, mace mai cutar takan yi aure har ta haihu. Sai dai wanda ya rayu, da zogi yake rayuwa: ciwon ƙashi da gaɓoɓi da ƙirji da baya, wanda kan taso ba sallama ya kwantar da mutum kwana da kwanaki. A Nijeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifa mata jarirai kusan 150,000 masu cutar a kowace shekara, tambayar abin da ke tayar da wannan zogi ta fi ƙarfin ɗakin gwaji, ta shiga cikin gidaje.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe suna bin wannan tambaya a Arewa shi ne Farfesa Sagir Gumel Ahmed, likitan jini da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri kafin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Hujjar wannan maƙala ita ce: darajar aikinsa tana cikin yadda ya ɗauki tambayar da duniya ke yi a kan sikila ya auna ta da iskar Arewa da ruwanta da cututtukanta, kuma ma'aunin da jami'o'i suka saba auna malami da shi, wato ƙidayar masu ambaton rubutunsa, bai isa ya nuna ko wannan ilimi ya kai ga masu ciwon ba.

Daga jini zuwa ƙashi

Mutanen Afirka ta Yamma sun san cutar tun kafin a ba ta suna a Turai. A 1874 Africanus Horton, likitan soja ɗan Saliyo, ya bayyana wani ciwon gaɓoɓi mai zazzaɓi da ke yawan tashi da damina, wanda masana da yawa ke ganin sikila ce. A 1910 James Herrick na Chicago ya ba da rahoton jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa aibin yana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, sannan Vernon Ingram ya gano a tsakiyar shekarun 1950 cewa bambancin duka bai wuce musanyar tubali guda ba a jerin tubalan da suka gina sinadarin. A 1954 kuma Anthony Allison ya bayyana dalilin yawaitar ƙwayar gadon a Afirka: mai AS ya fi sauran jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Bayanin farko da aka yi wa zogin mai sauƙi ne. Idan oksijin ya yi ƙaranci, himogulobin na mai sikila yakan dunƙule ya miƙe, ƙwayar jinin ta ƙage ta lanƙwashe, ta kasa ratsa ƙananan magudanan jini, sai hanya ta toshe, ɓargo da ƙashi su rasa iska, zogi ya tashi. Bayanin gaskiya ne, amma da saura. Ƙwayoyin mai sikila kullum suna lanƙwashewa, har ma ba sa wuce kwana 10 zuwa 20 kafin su mutu, alhali na mai lafiya kan kai kwana 120. To me ya sa ciwon ba kullum yake tashi ba?

Amsar ta fara fitowa a 1980, lokacin da Robert Hebbel na Minnesota ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin mai sikila suna da danƙo, suna manne wa bangon magudanar jini. Daga baya ayyukan Paul Frenette da abokansa a kan ɓeraye suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jini, sojojin da jiki ke turawa yaƙi da cuta, su ne sukan fara maƙalewa a bango, sannan su kama jajayen da ke wucewa. Abin ya yi kama da garken shanu a ƙuntataccen burtali: muddin kowace na tafiya, hanya na buɗe, amma da zarar biyu sun toge a gefe, na baya sai su cushe a kansu. Da hanya ta toshe, naman da ya rasa iska yakan saki sinadarai masu kumburi, su kuma su tsokani bakin jijiyoyin saƙo, saƙon ya bi ta laka ya isa ƙwaƙwalwa.

Wani babban bincike da Orah Platt ta jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 1991, ya ƙara wa tambayar kaifi. Kashi 39 cikin 100 na masu SS ba su je asibiti da tashin ciwo ba sam a lokacin binciken, amma wani ƙaramin rukuni, kimanin kashi 5 cikin 100, su kaɗai suka kwashi kusan sulusin dukkan tashin ciwon da aka ƙirga. Aibin gado iri ɗaya, wahala daban-daban. Lalle akwai abin da ke shigowa daga waje, ko daga sauran sassan jiki, ya kunna wutar.

Tambayar da Sagir ya riƙe

A wannan gurbi aikin Farfesa Sagir ya zauna. Bai gano sabon sinadari ba, bai ƙera magani ba. Abin da ya yi, sau da yawa tare da Umma A. Ibrahim, likitar yara a Asibitin Aminu Kano, da M. B. Kagu na Maiduguri, shi ne bin abubuwan da ke tayar da ciwon ɗaya bayan ɗaya a jikin marasa lafiyar Arewa, yana haɗa kowanne da hanyar da yake bi a cikin jini.

A 2011 ya wallafa maƙalar bita a mujallar Mediterranean Journal of Hematology and Infectious Diseases a kan rawar da cututtuka masu yaɗuwa ke takawa wajen toshewar magudanan jini. Tsarin hujjarsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna cewa cututtuka mabambanta suna bin hanyoyi mabambanta su haɗu a wuri guda. Ciwon huhu yana rage oksijin a jini, ƙwayoyi su lanƙwashe. Gudawa da amai suna tsotse ruwan jiki, jini ya yi kauri. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyi, yana ƙara musu danƙo, ga zafin jiki da gumi a kai. Kusan kowace cuta kuma tana sa jiki ya ninka fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke fara togewa a hanya. Ga mai sikila abin ya zama biyu, domin saifarsa takan lalace tun yana yaro, garkuwarsa ta yi rauni, cuta ta riƙa samunsa cikin sauƙi.

Daga nan sai ya shiga cututtukan da littattafan Turai da Amurka ba su cika kulawa da su ba, saboda marasa lafiyarsu ba sa fama da su. Ya duba tarin fuka a jikin masu sikila a 2010. A 2011 ya duba tsutsar ciki, ya ga masu ɗauke da ita jininsu ya fi ƙaranci. A 2014 shi da abokansa suka wallafa nazari a kan tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka a wanka da wanki cikin ruwan da ke kwance, suka nuna cewa masu sikilar da ke da tsargiya sun fi sauran ƙarancin jini, sun fi su yawan fararen ƙwayoyi, ciwon kuma ya fi tasar musu. A shekarar dai suka fito da wani nazarin a kan rukunin jini, inda suka ga waɗanda jininsu ba rukunin O ba ne sun fi yawan tashin ciwo, suka danganta hakan da wani furotin mai taimaka wa daskarewar jini, wanda aka san ya fi yawa a jikin masu rukunin A da B da AB.

Nazarin da ya fi kusa da rayuwar yau da kullum shi ne na 2012 a kan yanayi. A Landan, wani bincike na 2005 ya danganta yawan kwanciya asibiti saboda ciwon sikila da iska mai ƙarfi da bushewar yanayi. A Jamaika, Graham Serjeant ya daɗe yana bayyana yadda sanyin fata ke sa jiki ya janye jini daga ɓargo. Sagir da abokansa suka duba watannin shekara a arewacin Nijeriya, suka samu ciwon yana hauhawa sau uku: da hunturu, da tsananin bazara, da tsakiyar damina. Kowane lokaci da nasa dalili. Hunturu na zuwa da sanyi da busasshiyar iska da ƙura, bazara na zuwa da zafi mai ƙafe ruwan jiki, damina na zuwa da sauro da jiƙewa.

A 2017 shi da Umma Ibrahim suka tattara abubuwan da ke tayar da ciwon cikin doguwar maƙala guda a mujallar Nigerian Journal of Basic and Clinical Sciences, wadda ke fitowa daga Jami'ar Bayero, kowane dalili da bayanin yadda yake aiki a jiki. Irin wannan tattarawa ba ta cika jawo lambar yabo ba, amma ita ce ɗalibin likitanci da sabon likita ke buɗewa idan suna son ganin hoton gaba ɗaya.

Idan aka shimfiɗa binciken a ƙasar Gumel

Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, suna can ƙuryar arewacin Jigawa, a bakin iyaka da Nijar, inda waɗannan lokuta uku ke zuwa da cikakken ƙarfinsu. A Disamba da Janairu iskar hunturu na sauka kai tsaye daga sahara, asuba ta yi sanyin da ke tsaga leɓe, kuma a daidai lokacin ne ake alwala da ruwan randa, yara su fita makarantar allo ko ta boko da riga shara-shara. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ga nisan ruwa a wasu ƙauyuka, ga sharar gona, ga yinin Alhamis a tsakiyar rana a karar Maigatari. A Agusta kududdufai sun cika, sauro ya yi yawa, yara na iyo a ruwan da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ke rayuwa a ciki, manya na noma cikin yayyafi.

Wanda ya karanta aikin Sagir da idon ma'aikacin lafiya zai ga jadawalin aiki a ciki. Kafin hunturu, a gargaɗi iyaye a kan rigar sanyi da safa da ruwan ɗumi na wanka da alwala. Kafin bazara, a nanata yawan shan ruwa da guje wa aikin ƙarfi da tsakar rana. Kafin damina, a tabbatar da gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓi, a duba fitsarin duk yaron da ke shiga kududdufi, a ba shi maganin tsargiya da na tsutsar ciki in an samu. Rabon maganin rigakafin zazzaɓi na gida-gida da ake yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina a Jigawa, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012, ya riga ya buɗe hanyar shiga gidaje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar na'ura mai tsada.

Nan ne binciken ya yi daidai da abin da tsofaffi suka riga suka lura da shi. Uwar da ke cewa ciwon ɗanta na sanyi ne ba ta yi kuskure ba a lurarta. Abin da likitan jini ya ƙara mata shi ne sanin cewa zafi ma na tayar da shi, fitsarin jinin da ake ɗauka abin yara ne kawai shi ma yana da hannu, kuma zazzaɓi a jikin wannan yaro ba abin jira a ga gobe ba ne.

Iyakar aikin

Adalcin nazari ya wajabta a faɗi inda wannan bincike ya tsaya. Yawancinsa nazarin lura ne, an yi shi a kan marasa lafiyar da suka zo manyan asibitocin birni. Irin wannan nazari na iya nuna cewa abu biyu na tafiya tare, amma ba ya isa shi kaɗai ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Yaron da ke da tsargiya mai yiwuwa kuma shi ne ya fi talauci, ya fi ƙarancin abinci, ya fi nisa da asibiti. Don a raba waɗannan, sai an yi gwaji na musamman: a yi wa wasu maganin tsargiyar, a bi su tsawon lokaci, a ƙirga ko tashin ciwon ya ragu.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Wanda ya iso asibitin koyarwa a Kano daga wani ƙauye na Sule Tankarkar ya riga ya tsallake kuɗin mota da tafiyar fiye da kilomita 100. Mafi yawan ciwo a gida yake farawa, a gida yake ƙarewa, tsakanin kemis da mai maganin gargajiya da haƙuri. Ko a Amurka haka abin yake. Binciken da Wally Smith ya jagoranta a Jihar Virginia, wanda ya fito a 2008, ya raba wa manya 232 masu sikila littafin rubuta zogi kullum har tsawon wata shida. Sun ji zogi a fiye da rabin kwanakin da aka rubuta, amma kwanakin da suka nemi asibiti ba su kai 4 cikin 100 ba, kuma kusan kashi 29 cikin 100 nasu kusan kullum cikin zogi suke. Ƙidayar asibiti, ashe, ɗan abin da ya fito fili kawai take gani.

Wannan zogi na kullum shi ya kai masana ga ɓangaren da toshewar jini ba ta bayyana shi, wato jijiyoyin saƙo su kansu. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa laka ba waya ce kawai mai miƙa saƙo ba, tana iya ƙara masa ƙarfi ko ta rage. A 1983 Clifford Woolf ya nuna cewa raɗaɗi mai maimaituwa na sauya lakar, ta koma mai saurin firgita, har taɓawa mai sauƙi ta zama zogi. David Julius ya gano a 1997 ƙofar da ke bakin jijiya mai jin zafin wuta da yajin barkono, sannan shi da Ardem Patapoutian, kowanne a ɗakin gwajinsa, suka gano mai jin sanyi a 2002, ayyukan da suka kai su ga kyautar Nobel a 2021. A kan ɓeraye masu sikila, Cheryl Hillery da Cheryl Stucky sun nuna a 2011 cewa waccan ƙofa ta zafi tana da hannu a tsananin jin zogi, Kalpna Gupta da abokanta kuma suka nuna a 2013 cewa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune kusa da jijiyoyi suna hura wutar.

Ma'anar wannan ga mai sikila babba ce. Kowane tashin ciwo da aka bari ba a kashe shi da wuri ba yana iya barin tabo a jijiyoyi, ya sa na gaba ya fi tsanani. Ta nan aikin Kano da aikin ɗakunan gwaji na Amurka suka dace da juna: hana ciwon tashi da hunturu yana sauƙaƙa wahalar wannan makon, yana kuma iya kare jijiyoyin yaron daga zogin da zai bi shi har girma.

Da me ake auna tasiri?

Jami'o'in duniya, har da na Nijeriya, sun saba auna malami da yawan maƙalunsa, da darajar mujallun da suka buga su, da yawan masu ambatonsa. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙirƙiro lissafin da ke dunƙule yawan rubutu da yawan ambato cikin lamba guda, kuma yau da wuya a duba takardun neman ƙarin girma ba a nemi wannan lamba ba. Tana da amfaninta. Amma tana fifita mai rubutu a kan abin da manyan ɗakunan gwaji ke sha'awa, domin su ne masu yawan rubutu, su ne masu yawan ambato. Nazari a kan tsargiya da sikila ba zai taɓa tara masu ambato kamar nazari a kan sabon magani ba, saboda likitan Boston bai taɓa ganin mai fitsarin jini daga kududdufi ba. Masana da kansu sun ga wannan giɓi, shi ya sa sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012 ta nemi a daina auna bincike da sunan mujallar da ta buga shi.

Tarihin magungunan sikila na baya-bayan nan ya ƙara nuna cewa amo da amfani ba lalle su zo tare ba. Crizanlizumab, wanda aka ƙera don hana ƙwayoyin jini mannewa a bango, ya samu amincewa a Amurka a 2019, amma Tarayyar Turai ta janye nata izinin a 2023 bayan babban gwaji ya kasa nuna yana rage tashin ciwo. Wani maganin mai suna voxelotor kuma, kamfanin Pfizer da kansa ya janye shi daga kasuwa a Satumban 2024. Maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, an sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum guda a Amurka. Ci gaba ne na gaske a kimiyya, amma ba shi ne zai je Gagarawa a nan kusa ba.

Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne tsohon magani mai arha, hydroxyurea. Gwajin da Samuel Charache ya jagoranta a 1995 ya nuna yana rage tashin ciwo daga kimanin 4.5 zuwa 2.5 a shekara, kuma cikin hanyoyin aikinsa har da rage fararen ƙwayoyin jini, abin da ya yi daidai da hujjar da ke ratsa rubuce-rubucen Sagir. A Kano da Kaduna, Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci da abokan aikinsu, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun gwada shi a kan yara 220 da ke cikin haɗarin shanyewar jiki, sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022. Wannan ya nuna cewa asibitocin Arewa na iya gudanar da gwaji mai tsauraran ƙa'idoji, irin wanda tambayoyin Sagir ke jira.

Saura batun kashe zogin bayan ya tashi. Kwamitin mujallar Lancet ya bayar da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na maganin kashe zogi mai ƙarfi, mofin da danginsa, da ake rarrabawa. A Arewa, allurar pentazocine ce ta cike gurbin, kuma tun farkon shekarun 2000 Sagir da Umma Ibrahim suka yi rubutu daga Maiduguri a kan masu sikilar da jikinsu ya saba da irin waɗannan magunguna har suka kasa rabuwa da su. Likitoci sun san yadda yi wa kai allurar ke barin gyambo da ƙagewar tsoka. A ɗaya gefen kuma, yaƙi da shaye-shaye, musamman bayan haramta maganin tari mai kodin a 2018, ya sa saurayin da ke murƙususu yana roƙon allura yakan gamu da kallon tuhuma. Sanin yadda zogi ke aiki a jijiya shi ne zai raba ma'aikacin lafiya da wannan zargi, ya kuma nuna masa cewa jinkirta magani na da nasa haɗari.

Abin da ya rage a yi

Idan aka haɗa waɗannan duka, tasirin Farfesa Sagir a matakin ilimi a bayyane yake: ya shigar da yanayin Arewa da cututtukanta cikin bayanin da ake yi wa ciwon sikila, ya kuma bar wa na baya jerin tambayoyin da za a iya gwadawa. Matakin da ke gaba ba na mutum ɗaya ba ne. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024, wadda ta haɗa da gwajin ƙwayar gadon sikila, tana duban yaran da ba a haifa ba tukuna. Waɗanda aka riga aka haifa suna buƙatar wani tsari na daban.

Abu uku ne masarautar Gumel za ta iya farawa da su ba tare da jiran tallafin waje ba. Na farko, rajistar masu sikila a Babban Asibitin Gumel da cibiyoyin lafiya na matakin farko a ƙananan hukumomin huɗu, mai ɗauke da ranar kowane tashin ciwo da abin da ya gabace shi, ko zazzaɓi ne, ko sanyi, ko gudawa, ko fitsarin jini. Na biyu, littafin rubuta zogi na gida, da boko da ajami da zanen fuskoki ga wanda bai yi karatu ba, domin a san nauyin ciwon da ba ya zuwa asibiti. Na uku, mayar da sakamakon nazarin 2012 zuwa saƙonnin Hausa a rediyo da masallatai da makarantun Islamiyya, kowane saƙo makonni kaɗan kafin lokacinsa.

Daga irin wannan rajista ne ɗaliban Jami'ar Bayero da na Jami'ar Tarayya ta Dutse za su iya gwada ko maganin tsargiya na rage tashin ciwo, da ko hauhawa uku da aka gani a alƙaluman asibitin birni haka take a ƙauyen kan iyaka. Za kuma ta ba da damar sake auna abin da Fleming ya auna a Garki a shekarun 1970: cikin jarirai 100 da aka haifa da SS a arewacin Jigawa, nawa ne ke kaiwa shekara biyar, nawa ne ke kaiwa ashirin, har da abin da bai auna ba, wato kwana nawa a shekara kowannensu ke yi cikin zogi.